Rondalya: kiɗan tsirkiya da 'yan Filifin ke guzurinsa zuwa ƙasashen waje

Maman Hanif, Winnipeg:
Assalamu alaikum 'yan zaure, da fatan an wuni lafiya. Akwai abin da na gani ranar Asabar da har yau yake yi mini yawo a rai, na ce bari in kawo shi nan.

Ina da abokiyar aiki 'yar Filifin, tare muke aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Wata uku tana yi mini nacin in zo in ga inda 'yarta ke koyon kiɗa, sai wannan makon Allah ya nufa na ɗauki Hanif muka tafi. Wani ɗaki ne a ƙasan coci, an jera kujerun roba an yi rabin zobe. Na ƙirga mutum 19. Ƙaramarsu ba za ta wuce shekara takwas ba, ƙafarta ko ƙasa ba ta taɓawa. Babbansu kuwa dattijo ne mai furfura fat, yana tsaye a baya rungume da wata ƙatuwar abar kiɗa da ta fi shi tsawo. Duk kayan tsirkiya ne, babu ganga, babu busa, babu lasifika. Irin wannan taron makaɗa suna ce masa rondalya, mai son nema a intanet ya rubuta rondalla.

'Yar ƙawar tawa a nan aka haife ta. Uwar na yi mata Tagalog tana mayar mata da Turanci, irin dai abin da muke fama da shi da namu yaran. Amma da suka ɗauko wani sautin gargajiya, sai kakarta da ke zaune kusa da ni ta fara bin baitin a hankali, tana share ido da bakin gyale. Yarinyar ba ta jin kalmomin waƙar, amma yatsunta sun san duk inda waƙar za ta karya.

To ina tambaya: yaron da harshen iyayensa ya kuɓuce masa, kiɗa zai iya riƙe shi kusa da gida? Ko dai mu iyaye ne muke rarrashin kanmu?

Ummu Khalil, Jidda:
Wa alaikumus salam Anti. Shekarata tara a nan, kuma duk asibitin da ka shiga sai ka tarar da nas 'yar Filifin. Abin da na saba gani a wurinsu shi ne ranar hutu a kunna waƙa a talabijin, a yi ta miƙa wa juna makirfo ana rerawa. Wannan na tsirkiya yau na fara ji. Kamar jita suke?

Maman Hanif, Winnipeg:
Jita ɗaya ce daga cikinsu, 'yar uwa. Wadda ta fi yawa a hannun yara sunanta banduriya. Ƙarama ce, cikinta kamar an raba ɗan tulu biyu an shafe bayansa, wuyanta gajere, amma tsirkiya 14 gare ta. An kasa su jeri shida: na farko mai kauri guda ɗaya, biyu na gaba bibbiyu, ukun ƙarshe sirara uku-uku. Ita ke ɗauke da muryar waƙa. Sai lawud da oktabina, su ma 14 ɗin ne amma muryarsu ta fi kauri, su ke amsa mata. Oktabina kamar 'yar ƙaramar jita take. Jita na riƙe taki, ƙatuwar nan ta baya kuma tana ba da sauti mafi kauri.

Da ɗan fallen roba mai kamar farce ake kaɗawa, a da da ƙoƙon bayan kunkuru ake yin sa. Tsirkiyar ƙarfe ce gajera, in an taɓa sau ɗaya sautin nan take yake mutuwa. Don su ja shi ya yi tsawo kamar muryar mawaƙi, sai su riƙa kai hannu sama da ƙasa da sauri, sautin ya riƙa karkarwa. In mutum takwas suka yi haka tare, sai ka ji kamar yayyafi a kan rufin kwano.

Abban Sadiya, Zariya:
Hajiya Maman Hanif, sannu da ƙoƙari. Amma a matsayina na mai koyar da tarihi, kalmar “gargajiya” ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Gargajiyar wa?

Sifaniya ta mulki tsibiran nan daga 1565 zuwa 1898, shekara 333 cur. Sunan ƙasar ma daga sunan sarkinsu Filif na Biyu aka samo shi. Banduriya, lawud, jita, duk a jirgin ruwan masu mulkin suka zo. Kalmar rondalla daga ronda take, zagayen da samarin Sifaniya ke yi da dare suna waƙa a ƙofar gidan budurwa. Har Meziko akwai rondalla, kuma daga 1565 zuwa 1815 jiragen fatauci na kai da kawowa tsakanin Manila da Akafulko ta Meziko. To mutum ya bar ƙasarsa, yana tsoron kada ɗansa ya narke cikin Turawa, sai ya miƙa masa kayan kiɗan wasu Turawan ya ce ga asalinka. Ni wannan bai zauna mini ba.

Ɗan Maraɗi:
Malam, in za a bi salsala a bi ta har ƙarshe. Kalmar lawud ɗin nan daga Larabci take, al'udu. Musulmin Andalus ne suka shiga da shi Sifaniya, kuma kowa ya san labarin makaɗi Ziryab da ya baro Bagadaza ya zauna a Kurɗuba. Ke nan mutanen Sifaniya su ma aro suka yi. Kuma shaddar da muke ɗinka babbar riga da ita ranar Sallah, mai tsadar a Ostiriya ake saƙa ta. Wa zai kalli babbar riga mai aska takwas ya ce kayan Turawa ne?

Abban Sadiya, Zariya:
Na karɓi zancen al'udu, ɗan uwa, gaskiya ne. Amma shadda ba ta kori wani ba sai saƙinmu, kuma shi ma ina kukansa. Abin da nake nufi shi ne 'yan Filifin suna da nasu tun kafin Bature ya sauka. A tsibirin Mindanao da ke kudancin ƙasar akwai kudyapi, doguwar abar kiɗa mai tsirkiya biyu da ake sassaƙawa kamar kwale-kwale. Duk wanda ya san garaya zai ji wani abu in ya saurare ta. Akwai kulintang, jerin tasoshin tagulla takwas masu cibiya a tsakiya, na ƙabilun Magindanao da Maranao da Tausug, waɗanda Musulmi ne. Musulunci ya isa tsibiran Sulu tun ƙarni na 14, kusan shekara ɗari biyu kafin mulkin Sifaniya. In aka ce rondalya ce fuskar Filifin a waje, ina aka ajiye waɗannan?

Maman Hanif, Winnipeg:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, na ƙaru. Sai dai ka duba wannan: banduriyar Sifaniya tsirkiya 12 gare ta, 'yan Filifin ne suka mayar da ita 14. Da itatuwan ƙasarsu suke sassaƙa ta, irin su langka da narra da kamagong, kuma akwai garuruwan da sana'arsu ke nan kaka da kakanni, a tsibirin Maktan kusa da Sebu da kuma lardin Pampanga. Abin da ake kaɗawa ma nasu ne: waƙoƙin soyayya da suke kira kundiman, da sautin rawar tinikling, wadda ake tsallake gora biyu ana buga su a ƙasa ana kwaikwayon tafiyar wani tsuntsu. Kakar nan da ta yi hawaye, ba Madrid take tunawa ba. Ta ce mini ƙauyensu a Ilokos ta tuna, da yayanta da ke kaɗawa a dandali ranar bikin gari.

Abu Yasir:
Jama'a mu ji tsoron Allah. Duk wannan dogon zance a kan kayan kiɗa? Kuma a ƙasan coci, har da kai yaro? Ai an san abin da malamai suka faɗa.

Shugaban Zaure:
Malam Abu Yasir, mun gode da tunatarwa, Allah ya saka. Hukuncin kiɗa mas'ala ce da malamai suka yi magana a kanta, kuma muna da zaurenta daban ranar Juma'a. Nan ana magana ne kan yadda wata al'umma ke riƙe 'ya'yanta a baƙunci. A ci gaba cikin mutunta juna.

Maman Hanif, Winnipeg:
Na gode Malam Abu Yasir. Ɗakin haya suke yi don shi ne mai araha, babu ibada a ciki. Kuma ƙawar tawa ta san ni, da aka fito da abinci ta ware mana taliyarsu da ta dafa da kaza a tukunya daban, ta ce babu abin da ya taɓa naman alade.

Ɗalibi, Kalifoniya:
Salam iyayena da yayyena. Jami'ar da nake akwai 'yan Filifin da yawa, na ɗan bi tarihinsu, bari in sa baki.

Zuwansu Amurka kashi biyu ne, kuma bambancin ya shafi tambayar Anti kai tsaye. Na farko leburori ne. A Disamba 1906 mutum 15 suka sauka Hawai don aikin gonakin rake, daga nan dubbai suka biyo baya, wasu suka wuce gonakin Kalifoniya, wasu masana'antun gwangwanin kifi a Alaska. Kusan duk samari ne marasa aure. Suna da ƙungiyoyin kiɗan tsirkiya a sansanoninsu, suna kaɗawa a bukukuwa, musamman 30 ga Disamba, ranar tunawa da gwarzon ƙasarsu Jose Rizal da Sifaniya ta harbe a 1896. Amma a 1933 Kalifoniya ta hana su auren farar fata, a 1934 kuma aka yi dokar da ta taƙaita masu shigowa daga Filifin zuwa mutum 50 a shekara. Matan ƙasarsu ba su da hanyar zuwa, matan gari an hana su. Da yawansu haka suka tsufa gwauraye. Ana kiransu manong, wato yaya da harshen Ilokano. Sun iya kiɗan, amma babu ɗan da za su miƙa wa.

Sai 1965 aka sauya dokar shige da fice, nas-nas da likitoci da injiniyoyi suka fara zuwa da iyalansu. A nan ne rondalya ta samu gindin zama. A yankin Boston iyaye suka kafa makarantar ƙarshen mako mai suna Iskwelahang Pilipino a 1976, daga baya ta yi ƙungiyar rondalya ta yara. A Los Angeles akwai Tagumpay de Leon, injiniya ne, ɗan shahararren mai tsara kiɗa Felipe Padilla de Leon. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar rondalya ta birnin, ya kuma koyar a jami'ar Kalifoniya da ke Riverside. A 2021 gwamnatin Amurka ta ba shi babbar lambar da take ba masu fasahar gargajiya.

Malam Abban Sadiya, ga abin da zai ɗan sanyaya maka rai: wannan lambar, Danongan Kalanduyan ya riga shi samu tun 1995. Ɗan Magindanao ne, makaɗin kulintang, ya daɗe yana koyarwa a San Francisco. Kuma a nan matasa da yawa sun fi karkata ga kulintang, saboda irin dalilin da ka kawo.

Abban Sadiya, Zariya:
Madalla ɗana, wannan labari ne mai daɗi. To su matasan da ke zuwa kulintang, Musulmi ne?

Ɗalibi, Kalifoniya:
Akasarin waɗanda na gani 'ya'yan Kiristoci ne, Malam, iyayensu daga tsibirin Luzon na arewa suke, ba su taɓa taka Mindanao ba. Shi ya sa su ma suke tasu muhawarar. Wani abokina ya ce kakarsa ta zo kallon wasansu, aka buga kulintang ta zauna shiru kamar baƙuwa, da aka ɗauko banduriya sai ta fara tafi. Shi yana neman abin da ya riga Bature, ita kuma abin da ta tashi da shi take nema.

Wani abin kuma, kowace shekara ƙungiyoyin ɗalibansu na yin daren al'ada, a yi rawar karkara, rawar zamanin Sifaniya, rawar mutanen duwatsu, rawar Musulmin kudu. Tsarin daga ƙungiyar rawa ta Bayanihan aka ɗauko shi, wadda ta yi suna a baje kolin duniya na Brussels a 1958. Masu rawa ba sa wuyar samu. Makaɗa ne babu, sau da yawa sai dai a kunna faifai. Rawa a wata biyu an koya, banduriya kuwa sai an yi shekara ana jin zafin yatsu.

Injiniya, Doha:
Wannan bayanin ya nuna dalilin da ya sa Ummu Khalil ba ta taɓa jin wannan kiɗan a Jidda ba. Mu nan yankin Gulf 'yan Filifin sun fi ko'ina yawa a ido, ina aiki da su kullum. Amma zaman kwangila ne. Shekara biyu, a sabunta ko a sallame ka, babu takardar zama ɗan ƙasa, mafi yawansu iyali na gida. Hutun kwana ɗaya ne a mako, masu aikin gida wasu ko shi ba sa samu cikakke. Wa zai sayi kayan kiɗa 15, ya kama ɗaki, ya tara mutane duk Asabar har shekara uku? Kafin a ƙware rabin ƙungiyar sun koma gida. Jita ɗaya a ɗakin kwana na mutum shida, wannan kam ina gani. Wanda ya san zai koma ba ya tsoron mantuwa. Wanda ya sayi gida a Kanada ya ga ɗansa na amsa masa da Turanci, shi ne hankalinsa ke tashi.

Baba Mai Ritaya, Katsina:
Yara kun tuna mini da nisa. Ku da yawa ba ku san cewa a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 makarantun sakandare na Arewa cike suke da malamai 'yan Filifin da Indiya da Pakistan ba. Wanda ya koya mana lissafi a aji huɗu ɗan Filifin ne, mutum mai haƙuri ƙwarai. Ni ke kai masa littattafan aji gidansa a kwatas ɗin malamai. Wata rana bayan la'asar na same shi a baranda da wata 'yar abar kiɗa mai tsirkiya rututu, yana yin wannan karkarwar da Maman Hanif ta kwatanta. Sai yau, bayan shekara arba'in da wani abu, na ji sunanta.

Abin da ban manta ba, yana cikin kaɗawa sai ya tsaya, ya yi shiru yana gyaɗa kai yana ƙirga da ƙafa, can sai ya ci gaba. Na tambaye shi ko mantawa yake yi. Ya ce a'a, nan wurin na wasu ne, su ya kamata su amsa, shi nasa kason kawai ya iya. Lokacin Kirsimeti sauran malamai 'yan ƙasarsu na garuruwan kusa sukan taru a gidansa, su rataye fitila mai siffar tauraro da suka haɗa da gora da takarda, mai jita ya zo da jitarsa. Ranar ce kaɗai na ji waƙar babu giɓi.

Da hunturu ya yi tsanani wata shekara, fuskar abar ta tsage. Ni na raka shi wurin kafinta a cikin gari aka liƙe ta da gam. Da Naira ta faɗi a tsakiyar shekarun 1980 suka tattara suka tafi. Allah ya saka masa da alherin da ya yi mana.

Maman Hanif, Winnipeg:
Allahu akbar. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi tsagewar nan ita ce babbar matsalarsu a nan ma. Itacen ƙasar damina ne, ga sanyin Winnipeg, ga hita na busar da ɗaki wata biyar. Na ga kowane yaro in ya gama sai ya jiƙa ɗan soso, ya matse, ya sa a robar sabulu mai huji, ya ajiye cikin akwatin abar kiɗan kafin ya rufe. Dattijon nan mai furfura shi ne kafintansu, ya nuna mini guda uku da ya ɗaure da matsi suna jiran gam ya kama. Tsirkiya kuma duk wanda zai je gida hutu sai an ba shi sautu.

Ɗan Maraɗi:
To mu fa? Nan nake so a zo. Garaya, molo, gurmi, kuntigi, goge, kukuma. Cikin 'yan zauren nan da ke Turai da Amurka, wa zai ɗauki ɗansa ya kai shi koyon gurmi ranar Asabar?

Ummu Khalil, Jidda:
Gaskiya ni ba zan kai ba, kuma ba zan ɓoye ba. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo. Dangin mijina su ji an ce Khalil na kaɗa garaya? Ni allo da Hausa nake so ya riƙe, su ne asalinsa.

Abban Sadiya, Zariya:
Bambancin ke nan. Su a can makarantun firamare da sakandare da yawa na gwamnati suna da ƙungiyar rondalya, ana gasa tsakaninsu, ɗan likita da ɗan manomi na zaune kujera ɗaya. Kuma a rubuce kiɗan yake, kowane kaso da takardarsa, don haka injiniya mai ritaya zai iya buɗe aji a ko'ina. Har bikin rondalya na duniya suke yi, na farko a birnin Naga a 2004, na biyu a Dumagete a 2007, ƙungiyoyin da ke waje su komo gida su kaɗa. Namu a kunne da hannun makaɗi yake, in ya rasu ya tafi da rabinsa. Har yanzu ina kan bakana cewa kudyapi ta fi cancantar sunan gargajiya. Amma na yarda wanda aka tsara shi ne ke jure tafiya.

Injiniya, Doha:
Anti, ba a amsa tambayarki ta farko ba fa. Yarinyar nan, kiɗan ya dawo mata da harshen?

Maman Hanif, Winnipeg:
Na tambayi uwar jiya a wurin aiki. Ta ce bai dawo ba, har yanzu da Turanci take amsawa. Amma duk Asabar awa uku tana zaune cikin mutanenta, tana gaida manya da Tita da Tito (wato goggo da kawu), tana ɗaukar hannun tsofaffi ta kai goshinta yadda suke yi, tana cin abincinsu. Kuma makon jiya da kanta ta je ta tambayi kakarta ma'anar baiti biyu na waƙar da suke koyo, don malaminsu ya ce ba za ta san inda za ta sassauta hannu ba sai ta san abin da ake faɗa. Kakar ta zaunar da ita ta fassara mata, har suka kira wata 'yar uwarsu a Ilokos ta bidiyo don sun yi gardama kan kalma ɗaya.

Hanif kuma tun ranar yake tambayata mene ne namu. Na nuna masa bidiyon masu gurmi a waya, ya kalla har sau uku. Ɗan Maraɗi, in akwai mai haɗa gurmi da ka sani a wajenku, turo mini bayani ta akwatin sirri. Ƙanwar maigidan za ta taho daga Kano a watan gobe, kuma tana da sauran kilo a jakarta.

Ɗan Maraɗi:
Akwai, Hajiya. Zan je wurinsa ranar kasuwa in sha Allah. Sai dai ki tanadi naki soson tun yanzu, ƙoƙon duma da fata ma ba sa son bushewa.